Darasi na Tara: Yadda Girgizar Ƙasa Ke Bayyana Mana Cikin Duniya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya ana haƙa ta ya san ƙasa hawa-hawa ce. Mai haƙa yakan fara da ƙasar noma, ya wuce jar ƙasa da marmara, ya tarar da yumɓu ko yashi, wani lokaci kuma ya ci karo da dutsen da diga ba ta cinsa. Masu haƙar zinariya a Anka da Bukkuyum da Maru sun fi shi nutsawa, suna bin jijiyar farin dutse har inda numfashi ke yi musu wuya. Amma duk waɗannan ramuka da gaba ake auna su, ko da mita. Mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowace mahaƙa zurfi, ta kai kimanin kilomita 4. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa hudawa yana Kola, a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262. Zafin da aka tarar a can ya kai digiri 180, kuma daga nan aikin bai ƙara gaba ba.

Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. Da akwai titi miƙaƙƙe zuwa can, mota mai gudun kilomita 100 a awa za ta wuce ƙarshen ramin Kola cikin minti 7 da 'yan sakanni, sannan ta yi fiye da awa 63 tana tafiya kafin ta isa. Ke nan babu mutumin da ya taɓa ganin cikin duniya, babu kuma na'urar da ta taɓa shiga. Duk da haka masana ilimin ƙasa suna faɗa ba tare da shakka ba cewa a zurfin kilomita 2,900 dutse ya ƙare, narkakken ƙarfe ya fara. Ɗalibi mai hankali yana da damar ya tambaya: wa ya je ya gano? Amsar wannan tambaya ita ce darasinmu, kuma da girgizar ƙasa da agogo da lissafi aka samo ta.

Motsin da ke tafiya cikin dutse

Idan ana daka a tsakar gida, wanda ke kwance kan tabarma a ɗaki yana jin saukar taɓarya a haƙarƙarinsa. Ƙasar gindin turmi ba ta tashi ta zo wurinsa ba. Ƙwayar ƙasar da ta sha duka ce ta ture ta kusa da ita, ita ma ta ture ta gaba, kowace ta koma mazauninta, motsin kuwa ya wuce. Wannan motsi mai miƙa kansa daga ƙwaya zuwa ƙwaya shi muke kira igiyar girgiza. Girgizar ƙasa babbar wannan ce. Manyan duwatsu can ƙarƙashi sukan shekara ɗaruruwa suna matse juna a bakin wani tsagi, rana ɗaya sai su suɓuce, ƙarfin da ya taru ya bazu ta kowace fuska, har da ƙasa, zuwa cikin duniya.

Mu a Arewa Allah Ya sauƙaƙe mana wannan masifa. An ji girgiza a Kwoi, kudancin Kaduna, a watan Satumba na 2016, an kuma ji a Mpape, Abuja, a Satumban 2018, amma ƙanana ne idan aka gwada su da na wasu ƙasashe. Sai dai manyan da ke aukuwa can nesa suna ratsawa ta ƙarƙashinmu ba mu sani ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2023, da ƙarfe 2:17 na dare agogon Nijeriya, ƙasa ta tsage a kudancin Turkiyya, mutane fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya da Siriya. Bayan kamar minti 7, igiyar farko ta wannan girgiza ta wuce ta ƙarƙashin Janbako da Bakura da Talata Mafara a nan Zamfara mutane suna barci. Ta yi rauni ƙwarai a hanya, jiki ba ya jin ta, amma na'ura tana ji.

Na'urar auna girgizar ƙasa ba ta da wuyar fahimta. Ana kafe gindinta a kan dutse, a rataya wani nauyi a cikinta. Idan ƙasa ta motsa, gindin ya bi ta, nauyin kuwa yakan ɗan yi jinkiri, kuma wannan saɓani tsakanin su biyun shi ake rubutawa, a da da alƙalami a kan takarda mai juyawa, yanzu da kwamfuta. Kusa da rubutun akwai agogo, domin lokacin da igiya ta iso ya fi komai muhimmanci. A 1889 wani Bajamushe, Ernst von Rebeur-Paschwitz, ya ga na'urarsa a Potsdam ta yi wani rubutu da bai gane ba, daga baya ya gano ya dace da wata girgiza da aka yi a Japan. Tun daga ranar aka san girgiza tana iya ratsa duniya ta fito a wata nahiya. A Nijeriya wannan aiki yana hannun cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro, Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, kuma tana da tashoshi a wurare irin su Kaduna da Ile-Ife da Nsukka.

Igiya biyu, hali biyu

Igiyoyin da ke shiga cikin duniya iri biyu ne. Kada ku wuce wannan sashe sai kun riƙe shi, don duk abin da ya biyo baya a kansa ya tsaya.

Ta farko ana kiranta igiyar P. Ku tashi mutum takwas ku yi layi, kowa ya ɗora hannuwansa a kafaɗun na gabansa. Malam ya ɗan tura na baya. Za ku ga turin ya bi layi har na gaba ya rausaya, alhali ba wanda ya bar inda yake. Haka igiyar P take tafiya: tana matse dutse ta sake shi, gaba da baya, ta fuskar da ta nufa. Sauti ma haka yake tafiya a iska. Duk abin da za a iya matsewa yana ɗaukar ta, dutse ne ko ruwa ko iska.

Ta biyu igiyar S. Ku ɗaure igiyar guga a jikin itace, mutum ɗaya ya ja ta ta miƙe, ya kaɗa hannunsa gefe. Lanƙwasa za ta gudu har jikin itacen, amma igiyar kanta dama da hagu take motsi. Igiyar S haka take murɗa dutse gefe da gefe tana wucewa. Sharaɗinta shi ne abin da take ratsawa ya zama mai riƙe siffarsa, wanda in an goce shi gefe zai ja na kusa da shi, sannan ya dawo yadda yake. Ku ɗora tafin hannu a kan bulo ku tura gefe: bulon duka zai bi hannunku. Ku ɗora a kan ruwan bokiti ku yi haka: hannu zai zame, ruwan ƙasa bai bi ku ba, na sama kuma bai koma mazauninsa ba. Saboda haka igiyar S ba ta ratsa ruwa, ba ta ratsa duk wani abu narkakke. Inda ta iso bakinsa, nan tafiyarta ta ƙare.

Gudunsu ma ya bambanta. A duwatsun da ke kusa da doron ƙasa igiyar P tana cin kimanin kilomita 6 a sakan ɗaya, igiyar S kuwa kimanin 3.5. Tare suke tashi, amma P kullum tana riga isowa, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa da nisa. Ga girgizar da ba ta da nisa sosai, kowane sakan ɗaya na tazara yana nufin kamar kilomita 8. In na'ura ta nuna S ta iso sakan 25 bayan P, girgizar tana da nisan kilomita 200 ke nan. Tasha ɗaya nisa kawai za ta faɗa, ba za ta faɗi fuska ba. In tashoshi uku suka zana da'ira a taswira, kowace da nisan da ta samu, inda da'irorin suka haɗu nan girgizar ta faru.

Akwai iri na uku da ke bin doron ƙasa kawai. Su ne suka fi jinkiri, su ne kuma suka fi rusa gidaje, amma da yake ba sa nutsawa can ƙasa, za mu bar su a gefe.

Da zarar an san inda girgiza ta tashi da lokacin da ta tashi, sauran aiki lissafi ne. An san nisa, an san tsawon lokacin tafiya, sai a fitar da gudu. Gudu kuwa yana faɗin irin abin da igiyar ta ratsa, domin dutse mai tauri yana saurin miƙa motsi, mai laushi ko mai zafi yana jinkirta shi. Ƙari a kan haka, idan igiya ta iso iyakar abu biyu masu bambancin gudu, wani sashe nata yakan dawo baya, wani ya shiga amma ya karkace.

Ɓawon duniya

Ranar 8 ga Oktoba 1909 aka yi girgiza kusa da birnin Zagreb, a ƙasar Kuroshiya ta yau. Shugaban tashar birnin, Andrija Mohorovicic, ya tattara rubuce-rubucen tashoshin Turai ya jera su bisa nisa. Sai ya ga abin mamaki. Tashoshin kusa sun ji igiyar P sau ɗaya. Waɗanda suka wuce kamar kilomita 200 sun ji ta sau biyu, kuma ta farkon ta iso da wuri fiye da yadda lissafi ya nuna.

Mai babur ya san amsar. In ƙauyen da ke maƙwabtaka da Janbako zai je, burtali zai bi kai tsaye. In Gusau zai je, zai fara fita titin kwalta ko da hakan ya ƙara masa nisa, don gudun da zai yi a kwalta zai biya masa. Haka Mohorovicic ya fassara abin da ya gani: igiya ɗaya ta bi duwatsun sama da gudun kilomita 6 a sakan, ɗaya ta nutsa ta sami wani dutse mai gudun kusan kilomita 8, ta bi shi, ta hauro ta riga 'yar uwarta. Ya lissafa cewa a yankinsu wannan iyaka tana zurfin kimanin kilomita 50. Daga baya aka same ta a ko'ina a duniya, ana kuma kiranta Moho don tunawa da shi.

Abin da ke samanta shi ne ɓawon duniya. Ƙarƙashin nahiyoyi kaurinsa yakan kai kilomita 30 zuwa 50, ƙarƙashin teku kuwa kamar 7 kawai. Duk abin da muka sani da ido yana cikinsa: tsoffin duwatsun Maru da Anka masu zinariya, waɗanda suka sha matsi da zafi shekaru kamar miliyan 600 da suka wuce, da dutsen da madatsar Bakolori ta zauna a kai, da shimfiɗar yashi da yumɓu da ke farawa idan an nufi Sakkwato, har da farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, wadda ta kwanta a ƙarƙashin wani tsohon teku. Ramin Kola bai kai rabin ɓawon wurin ba.

Abin da ke ƙarƙashin Moho za mu kira shi tsokar duniya. Ita ce ta fi yawa, sama da kashi 80 cikin 100 na girman duniya. Mutane da yawa suna zaton da an huda ɓawo sai tafasasshen dutse. Ba haka ba ne, kuma kun riga kun san hujja: igiyar S tana ratsa tsoka daga sama har ƙasa, ke nan daskararriya ce. Zafi ne ya sa take lanƙwasa a hankali, 'yan santimita a shekara, abin da ke jan nahiyoyi yana haddasa girgizar kanta. Dutse yana narkewa ne a wasu 'yan wurare kawai, irin ƙarƙashin Dutsen Kamaru mai aman wuta. A zurfin kilomita 410 da kuma 660 gudun igiya yakan yi tsalle, domin nauyin da ke sama yana tilasta ma'adinan dutsen su sake tsari su ƙara matsuwa.

Girgiza huɗu, kunne ɗaya a Janbako

Mu ɗauka akwai na'ura a Janbako. Masana suna auna nisa a bayan duniya da digiri: kewayen duniya digiri 360 ne, kowane digiri kamar kilomita 111, wurin da ke daidai bayanmu kuma digiri 180.

Girgizar Turkiyya ta 2023 tana da nisan digiri 37 daga nan, kusan kilomita 4,100. Igiyar P za ta iso cikin minti 7, S cikin minti 13. Ba doron ƙasa suka biyo ba, sun nutsa har kimanin kilomita 900 sannan suka lanƙwaso sama.

Girgizar Aceh ta Indunusiya, ranar 26 ga Disamba 2004, wadda ta jawo ambaliyar teku, nisanta kusan digiri 90 ne, kamar kilomita 10,000. P za ta iso cikin minti 13, S cikin kamar minti 24. Ku lura: nisa ya ninka fiye da sau biyu, lokacin P kuwa bai kai ninki biyu ba. Igiyar da ta fi nutsawa ta fi gudu. A ƙasan tsoka gudun P ya wuce kilomita 13 a sakan.

Girgizar Japan ta 11 ga Maris 2011 ta fi ta Turkiyya ƙarfi nesa ba kusa ba. Nisanta daga nan kusan digiri 115 ne. Mai lissafi zai zauna yana jiran igiyar P mai ƙarfi, amma abin da zai zo ɗan raɗa ne kawai. Igiyar S ta kai tsaye kuwa ba za ta zo ba ko kaɗan. Sai can daga baya masu bin doron ƙasa su iso.

Ta huɗu ita ce ta kusa da tsibiran Samowa a tekun Pasifik, ranar 29 ga Satumba 2009. Samowa tana kusan daidai bayan Zamfara, wanda zai huda duniya daga nan ta tsakiya can kusa zai ɓulla. Ta fi Japan nisa, amma igiyar P za ta iso sarai, cikin minti 20. Sai dai ta makara. Da cikin duniya dutse ne har tsakiya, gudu yana ta ƙaruwa, da ta riga haka isowa da 'yan mintoci. S kuma shiru.

Wannan tsari ba na Janbako kaɗai ba ne. Ko'ina girgiza ta tashi, tashoshin da ke cikin digiri 104 suna jin P da S. Daga 104 zuwa 140 akwai wani zobe da ya kewaye duniya inda P ta kai tsaye ba ta zuwa, ana kiransa yankin inuwa. Bayan 140 P tana dawowa a makare. S ta kai tsaye kuwa daga 104 ba a ƙara ganinta.

Richard Oldham, Baturen Birtaniya da ya yi aikin binciken ƙasa a Indiya, shi ne a 1906 ya fara cewa akwai wani abu dabam a tsakiya mai jinkirta igiya. Beno Gutenberg, Bajamushe, ya yi lissafi a 1914 ya ce bakin wannan abu yana zurfin kilomita 2,900, kuma har yau adadin nasa bai motsa sosai ba. Za mu kira abin zuciyar duniya. Igiyar da ta fito a digiri 104 ita ce ta ƙarshe da ta goga gefen zuciya ba ta shiga ba. Wadda ta fi ta nutsawa kaɗan ta faɗa ciki, gudunta ya sauka daga sama da 13 zuwa 8, ta karkata ƙasa sosai, ta je ta fito can bayan digiri 140. Giɓin da ke tsakani shi ne inuwa. Faɗin inuwar shi ya ba da girman zuciya. Ɓacewar S da faɗuwar gudun P kuwa suna nuni ga abu narkakke, kuma a 1926 Harold Jeffreys na Jami'ar Kambirij ya haɗa wannan da wasu hujjoji ya tabbatar da hakan.

A ganina nan ne wannan ilimi ya fi ban sha'awa. Babbar hujjar ba abin da na'ura ta rubuta ba ce, abin da ta rasa ne. Amma rashi ba ya zama hujja sai ga wanda ya yi lissafi tun farko ya san me ya kamata ya zo, da ƙarfe nawa.

Matar da ta saurari inuwa

Inge Lehmann 'yar ƙasar Denmak ce, an haife ta a 1888. Ita ke kula da tashoshin ƙasarta, har da na Girinlan. A watan Yuni 1929 aka yi babbar girgiza a Murchison, ƙasar Niyu Zilan. Da ta duba rubuce-rubucen tashoshi, sai ta ga wasu raunanan igiyoyin P a cikin yankin inuwa, inda bai kamata su kasance ba. Wasu sun gan su kafin ita, sun ɗauka ɓurɓushin igiya ne da ya lanƙwaso ta gefen zuciya. Ita ba ta gamsu ba. Babu kwamfuta a lokacin, da hannu ta yi ta lissafi. A 1936 ta fitar da sakamakonta: a cikin zuciyar akwai wata zuciya, wadda igiya ke ƙara gudu a cikinta, kuma bakinta ne ke karkato wasu igiyoyi zuwa cikin inuwa.

Bakin wannan zuciya ta ciki yana zurfin kimanin kilomita 5,150, daga nan zuwa tsakiya saura kilomita 1,220. An daɗe ana zaton daskararriya ce kafin a sami tabbaci. Manyan girgiza, irin ta Chile a 1960 da ta Alaska a 1964, sukan sa duniya duka ta yi kwanaki tana amo a hankali. A 1971 Adam Dziewonski da Freeman Gilbert suka nuna cewa wannan amo ba ya dacewa da lissafi sai in zuciyar ciki daskararriya ce. Lehmann tana raye ta ga haka. Ta rasu a 1993 tana da shekara 104. Matan da ke wannan aji su riƙe sunanta, mazan kuma su tuna da shi ranar da aka zo maganar karatun 'ya'yansu mata.

Da me aka yi zuciyar?

Igiya tana faɗin gudu da iyakoki, ba ta faɗin sunan abu. Sai an haɗa ta da wasu hujjoji. An auna nauyin duniya gaba ɗaya, an ga ta fi ruwa mai girmanta nauyi sau 5.5, alhali duwatsun da muke takawa sau 2.7 kawai suka fi ruwa. Dole akwai abu mai nauyi ƙwarai a ciki. Daga cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama akwai na ƙarfe zalla gauraye da nikel, gutsattsarin wasu ƙananan duniyoyi da suka farfashe. Sannan da aka matse ƙarfe a ɗakin gwaji, aka ga gudun igiya a cikinsa ya yi kusa da na zuciya. Hujjojin uku sun haɗu a kan ƙarfe da nikel, da ɗan gaurayen abubuwa marasa nauyi.

Zafin tsakiya ya wuce digiri 5,000. Maƙeri zai ce, to yaya ƙarfe zai daskare a irin wannan wuta? Nauyin duniya duka ne a kansa. Matsin can ya fi na iskar da muke ciki sau fiye da miliyan 3, kuma irin wannan matsi yana hana ƙarfe narkewa. A zuciyar waje, wadda ta kewaye ta cikin, matsin ya ragu, shi ya sa ta narke. Wannan narkakken ƙarfe yana juyawa ba dare ba rana, juyawarsa ce ke haifar da maganaɗisun duniya. Duk wanda ya taɓa neman alƙibla da kamfas, na hannu ko na waya, ya yi amfani da abin da ke gudana kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafarsa.

Abin da ya rage a gani

Yau ana haɗa rubutun dubban girgiza daga dubban tashoshi, kwamfuta ta fitar da hoton wuraren da igiya ke sauri da inda take jinkiri. Ta haka aka gano wasu manyan tudu biyu a ƙasan tsoka inda igiyar S ke rage gudu, ɗaya ƙarƙashin Pasifik, ɗaya ƙarƙashin Afirka. Har yanzu masana suna muhawara a kan ko zafi ne kawai ya bambanta su, ko irin dutsensu ne dabam. An kai wannan dabara har duniyar Mirrihi: na'urar InSight ta Amurka ta sauka can a 2018, ta saurari girgizarta har 2022, aka auna zuciyarta. Wani gutsuren dutsen Mirrihi ma ya taɓa faɗowa a Zagami, ƙasar Katsina, ranar 3 ga Oktoba 1962.

Masu neman man fetur ba sa jiran girgiza, su suke yin tasu. Suna dukan ƙasa da manyan motoci masu jijjiga ko da nakiya, su shimfiɗa na'urorin saurare, su karanta amsar da ta dawo daga shimfiɗun dutse. Da irin wannan bincike aka zaɓi inda za a huda a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, inda aka sanar da samun mai a 2019. Amma ku kiyaye abu biyu. Wannan ilimi ba ya faɗin ranar da girgiza za ta auku, duk wanda ya aiko muku da saƙon waya yana sa rana ƙarya yake yi. Ba kuma ya nuna zinariya a ƙarƙashin gonar kowa.

Hoton cikin duniya yana fitowa sarai inda tashoshi suka yi yawa, kamar Japan da Turai da Amurka, yana dushewa inda suka yi ƙaranci. Afirka tana cikin wuraren da suka yi ƙaranci. Ƙasa mai manyan madatsun ruwa irin Bakolori da Goronyo, mai haƙar ma'adinai ko'ina, ta cancanci ƙarin tashoshi da ƙarin 'ya'yanta masu iya karanta rubutunsu. Abin da ake nema ga yaro shi ne lissafi da kimiyya tun daga sakandare.

Tambayoyi

1. Na'ura ta nuna igiyar S ta iso sakan 40 bayan P. Kilomita nawa ne kimanin nisan girgizar?
2. Wani ya ce muku daga ƙarƙashin ɓawo har tsakiyar duniya duk narkakken dutse ne. Da wace hujja za ku amsa masa?
3. Me ya sa na'ura a Janbako za ta ji igiyar P ta Samowa sarai, ta Japan kuwa da ƙyar, alhali Japan ta fi kusa?
4. Ku zana da'ira a ƙasa da igiya mai tsawon santimita 64 daga tsakiya zuwa baki, kowane santimita ya tsaya a madadin kilomita 100. Ku sa alama a santimita 29 da kuma 51.5 daga baki zuwa ciki. Ina ɓawo zai faɗa, kuma ina ramin Kola?

Ku yi tambaya ta huɗu tare, a filin makaranta, kafin darasi na gaba. Wanda lissafin tambaya ta ɗaya ya ba shi wuya ya zo da littafinsa, malam zai sake bi da shi.